Fuskar Inna a Cikin Faifai

Ranar da Auta ta kawo faifan, Baffa yana zaune a ƙofar ɗakin injunansa yana faɗa da fanka. Laifin fankar bai wuce ta ɗan rage gudu ba, amma ya kwance ta ɗaiɗai ya baje kayan cikinta a kan tsohuwar jarida. Haka Allah ya yi shi. Tun yana yaro bai iya ganin abu ya ƙi shi ya ƙyale ba, ga shi har furfura ta cinye masa gemu bai koya ba.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Yaya, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya rasu watannin baya. Ma'aikaciyar jinya ce, daga asibiti ta biyo, ko farar rigarta ba ta sauya ba. Ta rusuna ta gaishe shi, suka yi wa juna ya ƙarin haƙuri, sannan ta ajiye wani tsohon gwangwanin biskit a gefen ƙafarsa, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Saƙon Baba ne, Baffa. Tun yana kwance ya ce in kawo maka. Ni ce ban samu ƙarfin zuciyar taɓa kayansa ba sai yanzu."

Baffa ya goge hannu a jikin wando ya buɗe. Faifan kwamfuta ne irin na da, mai faɗi, mai laushi, cikin baƙar rigarsa, an naɗe shi da tsohon hankici. A jikin 'yar takardar da aka liƙa masa akwai kalma ɗaya da rubutun Yaya: Inna. Ya san abin da ke ciki, ya kuma san duk duniya babu inda abin ya rage sai nan.

Fuskar mahaifiyarsu ce. Inna ta rasu Baffa bai gama firamare ba, kuma hoto ɗaya tak ta taɓa ɗauka a rayuwarta. A zamanin da su biyun suke aiki a wani ƙaramin kamfani mai haɗa kwamfutoci, lokacin da kwamfuta ba ta san hoto ba sai haruffa, Yaya ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan hoton, ya ja mata layuka ta koma 'yan gidaje ƙanana. Kowane gida sai ya duba duhunsa ya zaɓa masa harafi. Inda ya yi baƙi ƙirin ya sa harafi mai cika ido, inda ya yi haske ya sa ɗigo, inda ya yi fari ya bar fili. Watanni ya kwashe yana wannan aiki bayan an tashi daga ofis, yana shigar da haruffan a kwamfuta yana adana su a faifan nan. Da aka buga a firinta, in ka matso haruffa ne birjik babu ma'ana, in ka ja da baya sai ka ga Inna tana kallonka. Baffa ya yi dariya a lokacin, ya ce an ɓata faifai guda a kan abin da yake nan lafiya lau a cikin akwati.

Takardar ta rataye a bangon ofis har rana ta shanye tawadarta, masu shara suka kwashe ta. Hoton na asali kuma, wata damina rufin ɗakin Yaya ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatin, hoton ya manne da gilashinsa ya narke. Sai ya zamana faifai yana gidan Yaya, injin da zai karanta shi yana gidan Baffa, don shi ne ya kwashe tsofaffin injunan da kamfanin ya durƙushe. Tsakanin gidajen biyu mota ɗaya ake shiga. Shekara da shekaru babu wanda ya buɗe baki ya ce wa ɗan'uwansa kawo, ko ya ce masa zo.

"Ban taɓa ganinta ba," in ji Auta. "Baba yana yawan cewa idanuna nata ne. Ina so in gani, in kuma ajiye wa yarana. Injunanka suna tashi har yanzu?"

"Suna tashi fiye da wasu masu rai."

Ta yi murmushi, sannan ta ɗan sunkuyar da kai. "Akwai sauran saƙon. Ya ce in roƙe ka, don girman Allah ka ɗora shi a kan ta farko. Har ya maimaita, ya ce, ki ce masa ta farko. Ni ban gane ba, amma ya ce kai za ka gane."

Ya gane kuwa. Wato ko daga cikin kabari Yaya ba zai bar maganar nan ta kwanta ba.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke riƙe da ragamarta, wadda in babu ita inji akwatin ƙarfe ne kawai. Ta kamfaninsu su biyun suka rubuta ta, kuma sau uku aka fitar da ita. Ta farko Yaya ne ya rubuta shi kaɗai, kuma halinsa ta ɗauko tsaf. Tafiyar hawainiya take yi. In tana karanta faifai, duk layin da ta karanto sai ta miƙo shi nan take, in ta ci karo da wurin da bai karantu ba sai ta bar gurbinsa fili ta wuce abinta. Ta biyu tare suka yi ta, da gardama da ƙunƙuni, shi ya sa ta fito mai shawara. In ta tarar da matsala sai ta tsaya ta tambayi mutum: a sake, ko a wuce? Ta uku kuwa ta Baffa ce, ɗiyar cikinsa. Ya cire tambayar, don a cewarsa mutane ba su san abin da suke so ba. In ta uku ta tarar da wurin da ya ƙi karantuwa, sai ta ja allurar karatu baya ta taho da ƙarfi, ta sake, ta kuma sakewa, ba ta saki sai ta ciro abin. Kuma ba ta ba ka rabin aiki. Ko ta miƙo maka duka, ko ta hana ka duka.

A kamfanin nan ba a yanke hukunci da baki. In an yi saɓani, jera injuna ake yi a teburi ɗaya a yi musu tsere a gaban kowa. Ranar da aka jera ukun, Baffa ya ɗauko sabon faifai ya ɗan karce shi da fil a gaban manaja. Ta farko ta tsallake wurin ta bar rami a aikin. Ta biyu ta tsaya tana tambaya kamar baƙo a tasha. Ta uku ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta ciro komai cif. Aka yi tafi. Da Yaya ya tashi fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Faifan nan sabo ne. Sabon abu yana jure duka." Bai daɗe ba ya ajiye aikin ya koma koyarwa.

Ba su yi faɗa ba, wannan shi ne abin haushin. Da sun yi faɗa da an shiga tsakani an sasanta. Suna gaisawa, suna zama tabarma ɗaya a taron dangi, 'ya'yansu suna kwana gidajen juna. Amma duk sanda tsofaffin abokan aiki suka haɗu, sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce ai ta farko ba ta taɓa cin amanar kowa ba, Baffa kuma ya haɗiye abin da ɗaci. Shi ya ci tsere, wani ake yabo.

Ya ce wa Auta ta dawo ranar hutunta ta gaba. Tsohon inji, in ji shi, ba a tashinsa da garaje.

Kwanakin da suka biyo baya fanka ta ci gaba da zama a kwance a kan jarida. Baffa ya share dogon teburin ɗakin, ya sauko da injuna uku daga kan kanta, ya busa musu ƙura, ya sa wa bel ɗinsu ido, ya goge allurar karatun kowanne da auduga. Ya ɗora wa kowanne manhajarsa, ta farko a hagu, ta biyu a tsakiya, ta uku a dama, daidai yadda aka jera su a wancan zamanin. Sannan ya buɗe kabad ɗinsa na ƙarfe ya fito da tsofaffin faifayensa ya shiga yi musu tsere, shi kaɗai, babu manaja babu 'yan kallo.

Matarsa ta leƙo da kofin shayi ta tsaya tana kallonsa ta saman tabarau.

"Injiniya, wai da wa kake gasa a nan? Abokin karawar taka ai ya riga mu gidan gaskiya."

"Ba gasa nake ba. Gwaji nake. Ba a ɗora abu mai daraja a kan inji don kawai wani ya faɗa."

"Wanin nan dai wanka ne, kuma shi ya yi abin da hannunsa."

"Shi ya yi hoton, na yarda. Amma karatun faifai ni na fi shi sani, wannan ko shi bai taɓa musu ba. Zo ki gani da idonki."

Ya sa faifai a ta farko. Ta shiga aiki tiƙis-tiƙis, layi yana fitowa a allo ɗaya bayan ɗaya, can sai ga fili a tsakiya, sannan ta ci gaba. Ya nuna da yatsa.

"Kin ga? Ta tsallake. In a kan bakin Inna ta tsallake fa? In a kan hancinta ne? In miƙa wa yarinyar nan kakarta da rami a fuska?"

Ya zare faifan ya sa a ta biyu, ta tsaya tana tambaya. Ya tsallake ta da tsaki, don bai taɓa ƙaunar ta biyu ba, tana tuna masa da duk wata gardama da ya sha kaye a cikinta. Ya sa a ta uku. Ta yi gurnaninta na 'yan daƙiƙu, sai ga aikin ya cika allo babu ko ɗigo da ya ɓace.

"To fa. Ni na faɗa mata ta yi haka?"

Matarsa ta ajiye shayin a gefen madannan kwamfuta. "Ni ban san kan injunanku ba. Abin da na sani, garin neman gira ake rasa ido. Ka sha kafin ya huce."

Ya yi ta gwaji har faifayen kabad suka ƙare, kuma kusan kowane karo ta uku ce a gaba. Gwajin gaskiya ne, bai murɗe komai ba. Sai dai akwai abin da ya sani bai faɗa wa matarsa ba, bai ma so ya faɗa wa kansa ba. Faifayensa sun yi rayuwarsu a kabad na ƙarfe, a ɗaki busasshe, yana juya su yana duba su kamar mai kiwon kaji. Na Yaya kuwa a gwangwanin biskit ya tsufa, a gidan da rufinsa ya taɓa yoyo. Tun ranar farko da ya buɗe gwangwanin ya ji ɗan warin rima, irin na kayan da suka sha danshi. Da ya ɗaga faifan ya leƙa ta 'yar tagar rigarsa ya juya shi a hankali, ya ga wani wuri ya yi fari-fari kamar fatar da ta sha sabulu. Ya gani sarai, sai ya mayar da shi cikin hankici ya ce wa zuciyarsa ai irin wannan wurin ne ma yake buƙatar manhajar da ba ta karaya.

Akwai kuma wani abu da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Fuskar Inna ta gudu daga kansa tuntuni. Yana tuna ƙamshin hannunta, yana tuna yadda take jan sunansa in ya yi laifi, yana tuna bayanta in ta duƙa tana wanki. Amma in ya ce ta juyo ya gan ta, sai hazo. Duk sanda Yaya ya ce Auta ta ɗauko idanun Inna, Baffa gyaɗa kai kawai yake yi, kunya ta hana shi cewa bai sani ba. Yana son ganin fuskar nan fiye da yadda Auta take so. Yana kuma so ya zamana tasa ce ta ciro ta, cikakkiya, ko sau ɗaya a rayuwa a ce ta uku ta riƙe amana.

Auta ta dawo da hantsi ranar hutunta, ta yi kwalliya kamar mai zuwa gaida surukai. Har da sabon firam na hoto ta zo da shi a leda, mai ruwan zinariya. Matar Baffa ta kawo mata kujera ta zauna kusa da firinta, ita kuma ta tsaya daga bakin ƙofa. Baffa ya wanke hannu ya goge, ya warware hankicin.

"Wacce ce ta farkon, Baffa?"

Ya nuna ta hagu da haɓa, ya wuce ta, ya tsaya gaban ta dama.

"Amma Baba ya ce..."

"Na ji abin da babanki ya ce, 'yata. Allah ya jiƙansa, rabonsa da taɓa injin nan tun ba a haife ki ba. Na gwada su duka, na sake gwadawa. Waccan tana tsallake abin da ya yi mata wuya, wannan ba ta tsallakewa. Kina son kakarki guntu-guntu ko cikakkiya?"

Me za ta ce? Baffanta ne, kuma shi ne masani. Ta ce, "Yadda ka gani."

Ya zura faifan ya rufe masa ƙofa. Injin ya ɗauka da taushi, allura tana taka zobe bayan zobe, tik, tik, tik. Allon bai nuna komai ba, don ta uku ba ta nuna aiki sai ta gama. Baffa ya harɗe hannu a ƙirji. Can wajen tsakiya tafiyar ta tsaya, sai gurnani ya fara. Allura ta ja baya ta taho, ta ja baya ta taho.

"Lafiya kuwa?" in ji Auta.

"Aikinta take. Nan ne wurin da ta babanki za ta gudu."

Gurnanin ya ci gaba. Sai kuma wani sauti ya shigo ƙarƙashinsa, siriri, kamar ana goga cokali a gindin tukunya. Baffa ya ji shi. Kunnen da ya yi shekaru yana sauraron injuna ba zai kasa jin wannan ba. Hannunsa na dama har ya sauko daga ƙirji ya nufi ƙofar faifan. Taɓawa ɗaya ce, ƙofar ta buɗe, allura ta ɗaga, a koma hagu. Amma komawa hagu a gaban yarinyar nan da matarsa, bayan duk abin da ya faɗa? Kuma sau nawa ya ga ta uku ta yi irin wannan kukan sannan ta ciro abin a ƙarshe? Ya mayar da hannun ya soke shi a hammata.

"Baffa, wannan ƙarar ba ta yi min ba. Ko marar lafiya ne ya fara irin wannan numfashin, likita muke kira."

"Ki ba ta lokaci. Yanzu za ta kama."

"Injiniya," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

Sautin ya yi kauri, har wani ɗan wari ya taso kamar na roba a rana. Sannan injin ya yi shiru, allon ya kawo layi ɗaya, da kalmomin da Baffa ya rubuta da hannunsa yana saurayi: faifai bai karantu ba.

Ya buɗe ƙofar ya zaro shi. Wani gari mai ruwan ƙasa ya zubo a kan teburi, ya manne masa a yatsu. Ya ɗaga faifan wajen taga ya juya shi, sai hasken rana ya ratso ta cikinsa. Wurin nan mai fari-fari da bai fi ƙwayar gero biyu ba ya zama zobe mai faɗi, kewaye guda, an kankare shi tas har ana hango ƙarfen taga ta ciki. Garin da allura ta fara kankarowa shi ya manne mata, ita kuma ta yi ta jansa gaba da baya tana cin na kusa da shi. Bai buƙaci kowa ya yi masa bayani ba. Shi ya koya wa ta uku ja da baya ta taho da ƙarfi, har kyauta aka ba shi a kai.

A waje mai gyaran takalmi yana wucewa yana buga akwatinsa.

"Ya lalace?" in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

Baffa ya sake duban zoben. Ya busa faifan a hankali, ya goge bakin tagarsa da gefen hankicin Yaya, ya taka zuwa hagu. Tafiyar ba ta fi taku biyu ba. Ya zura faifan a ta farko, ya haɗa ta da firinta, ya danna.

Ta farko ta fara tiƙis-tiƙis ɗinta, ba ta san an yi wani abu ba. Firinta ta ɗauka, takarda ta fara hawa layi bayan layi. Da fari ɗigo-ɗigo ne, sannan haruffa suka fara taruwa suna duhu. Auta ta miƙe tsaye ta ja da baya kamar yadda babanta ya taɓa kwatanta mata.

"Ɗankwali ne! Gwaggo, zo ki ga, ɗaurin ɗankwalinta ne!" ta ce wa matar Baffa.

Ɗaurin ya fito, ya ɗan karkata gefe guda. Goshi ya fito, mai faɗi, har da 'yar inuwar gashi a gefen kunne. Saman gira ya fara duhu. Sai firinta ta yi shiru da bugu, takarda ta ci gaba da hawa fara fat. Ta farko tana tarar da zoben da aka kankare, tana taɓa kowane wuri sau ɗaya, tana barin gurbinsa, tana wucewa. Ba gurnani, ba gardama. Takarda ta hau, ta hau, tsawon tafin hannu har da ɗoriya, babu ko ɗigo. Sannan bugu ya dawo. Ƙasan haɓa ya fito, da wuya, da sarƙa siririya, da kafaɗu cikin riga mai zane. Injin ya tsaya.

Baffa ya tsaya yana kallon farin da ke tsakiya. Ya san lissafin, ba ya iya hana kansa yinsa. Da tun farko nan ya sa faifan, wurin nan mai fari-fari layi ɗaya zai ci, in ya yi yawa biyu. Ɗan siririn zare ne zai ratsa fuskar, wanda daga nesa ma ba za a lura da shi ba. Abin da Yaya yake nufi ke nan, abin da ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa tun suna da baƙin gashi. Ga shi babu wanda zai ɗora wa laifin. Yaya ya tafi, manajan da ya yi tafi ya tafi, injin kuwa abin da aka koya masa ya yi.

Auta ta yage takardar daga firinta da kanta, a hankali, ta bi layin huji. Ta riƙe ta da hannu biyu ta miƙa gaba, ta ja kai baya, ta karkata, wai ko daga wani gefen farin zai cika. Hawaye ya zubo mata ba ta share ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce ai an faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Ba komai, Baffa," ta ce daga baya. "Haka Allah ya so. Tunda kai ka san ta, sai ka cike min da baki."

Ta matso ta tsaya a gabansa, ta ɗaga takardar kusa da fuskarta, farin wurin daidai da idanunta.

"Dube ni da kyau. Baba ya ce irin nata ne. Haka ne?"

Ya dube ta. Idanu ne manya, jajaye saboda kuka, masu ɗan tudu a ƙasa. Ya dubi goshin haruffa, ya dubi haɓar haruffa, ya matsa wa kansa ya ce Inna ta juyo, ko sau ɗaya, ko na ƙiftawar ido. Ya ja baya ya sake, ya kuma sakewa. Ƙamshin hannunta ya zo, muryarta ta zo, bayanta a duƙe ya zo. Fuskar ba ta zo ba.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Na manta ta tun da daɗewa. Babanki ne kaɗai ya riƙe."

Auta ta sauke takardar. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta naɗe ta a hankali yadda ba za ta karye ba, ta sa a jaka. Ta rusuna ta yi masa sallama kamar kullum, ta yi wa matarsa, ta fita. Firam ɗin mai ruwan zinariya yana nan jingine da ƙafar kujera cikin ledarsa, ba ta waiwaye shi ba, babu kuma wanda ya kira ta ya ce ta yi mantuwa.

Matarsa ta shigo ta ɗauke kofin shayin da ya kwana biyu a gefen madannai. Ta fita ta ja masa ƙofa. Baffa ya zauna a kujerar da Auta ta tashi. Garin faifan yana nan a yatsunsa, ya shiga har ƙarƙashin farce, ya rasa ko ya wanke ko ya bari. A hagu, ta farko ta gama aikinta, 'yar alamarta tana ƙiftawa a allo tana jiran a ba ta wani.